Ƙanena zai tafi aikin gini Saudiyya: maganar biza da zafin can

Abdu_Birni

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena magini ne, yana taɓa walda, shekararsa 26. Wani dillali ya kawo masa maganar Saudiyya, ya ce a haɗa kuɗi a yi masa abin da ya kira biza ta ƴanci, wai in ya sauka babu mai riƙe da shi, shi zai zaɓi aikin da ya ga dama. Gida an fara maganar sayar da fili. Tambayata biyu ce. Shin haka ake neman aiki a can, mutum ya sauka tukuna ya nema? Sannan mahaifiyarmu ta damu da maganar zafi, shi kuwa cewa yake wanda ya zuba kankare a Damagaram cikin watan Mayu babu ranar da za ta ba shi tsoro. Masu sani ku taimaka, Allah ya saka.

Malam Sani Zango

Wa alaikumus salam Malam Abdu. Ku dakata da sayar da filin nan tukuna.

A dokar Saudiyya babu wani abu mai suna biza ta ƴanci. Kowace bizar aiki tana da wanda ya fitar da ita, kamfani ko mutum, shi ake kira kafili, kuma sunansa ne ke kan ikamar ma'aikaci, wato katin zama. Abin da dillalai ke kira ta ƴanci shi ne wani ya fitar da biza da sunan yana buƙatar ma'aikaci alhali ba shi da aikin, ya sayar da ita, yaron ya sauka ya riƙa buga-buga a wurin wasu, kowane wata yana kai wa kafilin wani abu. Wannan laifi ne a kan su duka. In aka kama shi yana aiki a wurin wanda ba shi ne ke kan ikamarsa ba, tsarewa ce da kora da hana shi sake shiga. Kuɗin sabunta ikama da na izinin aiki, da doka ta ɗora wa mai aiki, su ma a wuyan yaron za su dawo duk shekara. Ranar da suka saɓa da kafilin kuwa, rahoto ɗaya zai shigar cewa ma'aikacinsa ya gudu, abin da mutanenmu ke cewa hurub, daga nan zai iya zama marar takarda.

Mu nan mun saba da ci-rani irin na Kano, Legas, Abijan ko Libiya. Ka sauka tasha, ka nemi gidan ƴan garinku, gobe wani ya ja ka wurin aiki. Can tsarin a juye yake, aikin ake fara samu, biza ta biyo bayansa. Haka nan wanda ya shiga da bizar umra ko ta ziyara ba shi da izinin aiki ko na yini ɗaya.

To ga abin da za ku nema a hannun dillalin kafin ko dala ta fita. Na farko takardar izininsa ta kai ma'aikata waje. Ku ɗauki kwafinta ku je ofishin ANPE, wato hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ko wurin masu duba harkar ƙwadago a nan Damagaram ku tambaya ko sun san da shi. Sannan sunan kamfanin, garin da yake, da kwafin kwantiragi. A cikin kwantiragin wuri ɗaya za ku fara sa yatsa, layin da aka rubuta mihna, wato sana'a. In aka rubuta magini ko mai walda ko lebura a kamfani, yana ƙarƙashin dokar ƙwadago. In kuwa aka rubuta direban gida, mai aikin gida, mai aikin gona ko makiyayi, ya fita daga yawancin kariyar dokar, kuma sauƙin da aka yi a watan Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar canza wurin aiki bayan shekara ɗaya ba da yardar kafili ba, bai shafe su ba. Nan ne ake yawan cin amanar yaranmu. A baki an ce masa gini, a takarda an rubuta kiwo, ya buɗe ido ya gan shi bayan raƙuma cikin sahara, tafiyar awanni daga gari. Kwantiragin da Larabci ake aiki da shi in gardama ta tashi, don haka ku kai wa wanda ya iya Larabcin boko ya karanta muku layi-layi. Muna da su a gari, waɗanda suka yi karatu a Say ko Madina.

Abin da dokar ta ce a taƙaice: awa 8 a yini, 48 a mako, a watan azumi awa 6 ga Musulmi. Awar da ta ƙaru ana biyan ta da ƙarin rabin asalin albashi na awa. Kuɗin ɗauko ma'aikaci, na ikama, da tikitin komawa gida in kwantiragi ya ƙare, duk a kan mai aiki suke. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a dokarsu, ko da yake ana yi. Ikama ya kamata ta fito cikin kwana 90 da sauka, in ta wuce haka ba ta fito ba akwai matsala. Kwantiragin kamfani yana shiga manhajar Qiwa ta ma'aikatar ƙwadagonsu, kuma ma'aikacin da kansa ke danna amincewa, to kada ya danna sai ya gwada shi da takardar da ya sa wa hannu a nan. Lambar kai ƙara ta ma'aikatar ƙwadagonsu 19911 ce.

Sai wani abu da mutane ke mantawa. Kafin biza akwai awon lafiya, in ya sauka ma za a sake. Suna duba ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da hoton ƙirji saboda tarin fuka. Ciwon hanta na B yana da yawa a ƙasashenmu, mutum na ɗauke da shi shekaru garau bai sani ba. Ya je babban asibitin Damagaram ko wani ɗakin awo ya yi waɗannan da kuɗinsa yanzu. In wani abu ya fito, ya san matsayinsa ya nemi magani, fili kuma yana nan. Takardar shaidar rashin laifi ta kotu kuwa wata 3 take yi, kada ya karɓe ta da wuri ta mutu a hannunsa yana jiran sauran.

Hajiya Rabi, ma'aikaciyar jinya

Malam Sani ya gama da takardu, bari in ɗauki maganar Inna, don ita ce da gaskiya.

Ɗana, ka gaya wa ƙanenka zafi kala biyu ne. Namu na Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, amma iskar a bushe take. Gumi na fitowa yana bushewa, kuma bushewar nan ita ke sanyaya jiki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa saboda tana tsatsafa. A Riyad haka abin yake, busasshen zafi, sai dai ya ɗara namu. Garuruwan bakin teku kuwa, Jidda, Dammam, Jubail, Jizan, iskar cike take da laima. Gumin na zuba kamar an kwara masa bokiti, amma ba ya bushewa, saboda haka jiki na asarar ruwa da gishiri ba tare da ya huce ba. Digiri 38 a can ya fi 43 na nan haɗari. Kuma mu damina na zuwa ta karya zafin a Yuni ko Yuli, su kuwa lokacin ne nasu ke tsayawa, har Satumba, babu hadarin da ake jira.

Makon farko da na biyu su suka fi kisa. Jiki na buƙatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba. Ƙa'idar masu lafiyar ma'aikata ita ce ranar farko kashi ɗaya cikin biyar na aikin rana, a riƙa ƙara kashi ɗaya kowace rana. Sabon zuwa kuma shi ne mai son nuna wa shugaban aiki ƙarfinsa. Ya sassauta. Ko hutu ya zo gida ya koma, sai ya sake sabawa.

Ruwa: kofi ɗaya, kamar kwatan lita, duk minti 15 zuwa 20, ko bai ji ƙishi ba, don ƙishi na zuwa ne bayan jiki ya riga ya yi asara. Amma kada ya wuce lita ɗaya da rabi a awa, yawan ruwa zalla na wanke gishirin jini, shi ma yana sa jiri da suma. In ya cire riga da yamma ya ga farin zane-zane a baya da hammata kamar an shafa kanwa, gishirin jikinsa ne. Ya mayar da shi da abinci mai miya, in kuma ya fara jin naman ƙafa ko na ciki na ɗaurewa, ya sha ruwan gishiri da sukari. Ƙunshin SRO na farmasi ɗaya a lita ɗaya. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin cokalin na gishiri. Ya ɗanɗana, bai kamata ya fi hawaye gishiri ba. Ma'auninsa na kullum fitsari ne. Fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske lafiya lau. In ya koma kalar shayi, ko yini ya raba bai yi ba, ya tsaya ya sha ruwa a inuwa.

Ina roƙonsa da Allah a kan magungunan ciwon jiki, diklofenak da ibuprofen, da samarinmu ke haɗiya kamar gyaɗa bayan aiki. Jiki babu ruwa, a ɗora masa waɗannan, ƙoda ake kashewa a hankali, kuma ƙoda ba ta kuka sai ta kusa gamawa. In dole ne, parasetamol, bisa ƙa'ida. Lemun gwangwani masu ƙara kuzari ba sa maye gurbin ruwa.

Su san alamar bugun zafi, shi da abokan ɗakinsa. Mutum ya fara magana ba kan gado, yana tangaɗi, yana faɗa ba dalili, ko ya faɗi, jikinsa kamar garwashi. Wani gumin ya ɗauke, wani yana nan yana zuba, kada a jira sai ya ɗauke. A ja shi inuwa, a cire masa kaya, a kwara masa ruwan sanyi a jiki duka ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Wani na yi wani na kiran motar asibiti, 997 a Saudiyya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe.

Dokarsu ta hana aiki a ƙarƙashin rana daga 12 zuwa 3 na rana, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Ya san da ita. Amma ƙarfe 10 na safe a Agusta ma ba wasa ba ne.

Sai fata da ido. Baƙar fata tana da kariyarta, amma ba ta hana ƙuna, ba ta hana tabo. Tufafi ne gaba da komai: riga mai dogon hannu, ta auduga, sakakkiya, mai haske, ba irin rigunan ƙwallo na roba da ke riƙe gumi su fesa wa mutum ƙuraje ba. A ƙarƙashin hular kwano ya sa ƙyalle mai sauka ya rufe ƙeya da kunnuwa, in ya jiƙa shi ya fi. Mutanenmu na arewa da ke naɗa rawani sun daɗe da gane wannan. Safar hannu dole, rodin da ya yini a rana yana saɓule fatar tafin hannu. Tabarau ya duba wanda aka rubuta UV400, alamar cewa yana tare hasken rana mai cutar da ido. Baƙin gilashi na bakin titi da ba shi da wannan ya fi rashinsa illa, don ƙwayar ido na buɗewa a bayan duhunsa hasken ya shiga da yawa. Rana da ƙura su ke kawo naman nan da ke tsirowa daga gefen farin ido yana tafiya wajen baƙin, dubi idon tsofaffin direbobin hanyar Agadas za ka gan shi.

Ɗan Mirriya

Ƙari kaɗan, ko dillalin zai juya ya ce Katar ko Dubai. Kowace ƙasa da nata. A Katar hanin aikin rana daga 10 na safe ne zuwa 3 da rabi, 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. A Daular Larabawa, inda Dubai take, 12 da rabi zuwa 3. Katar tana da mafi ƙarancin albashi tun 2021: riyal 1,000, da 500 na wurin kwana da 300 na abinci in kamfani bai ba da su ba. Riyal 1,000 ɗin nan wajen dalar Amurka 275 ne, don 3.64 ake canzawa. Na Saudiyya 3.75 ne a dala.

Malam Abdu, ku zauna da biro da takarda. Asalin albashi, ban da alawus, a cire abinci, katin waya, kuɗin aike. Abin da ya rage a mayar da shi sefa da canjin ranar, a raba kuɗin dillali da shi. Amsar ita ce yawan watannin da zai yi wa dillali aiki kafin gida su ga ko dala. In ta kai rabin kwantiragin shekara 2, ku gwada da abin da mai walda ke samu a nan ko a Maraɗi kafin ku yanke. Ku tambaya kuma ko albashin ta banki ake biya, don kamfanonin da ke kan ƙa'ida ta banki suke biya, kuma takardar bankin ita ce shaidarsa ranar da aka riƙe masa wata biyu.

Alhaji Mamman Sabon Gari

Abin da aka faɗa duk haka ne. Ni ƙananan abubuwan zan taɓo, waɗanda ke cin ran baƙo kullum.

Faransanci ba ya cin kasuwa a can. A wurin gini Larabcin kasuwa ne da Turanci gutsi-gutsi da yaren Indiyawa da ƴan Pakistan, don suna da yawa sosai, sau da yawa shugaban aikin ma nasu ne. Larabcin allo yana taimakawa wajen karatu, amma ba shi ake yi a titi ba. Tun yanzu ya koyi ƙirga, sunayen kayan aiki, ranakun mako, da yadda zai ce ba ni da lafiya, ba a biya ni ba. Baƙo ko da ido makaho ne, harshe ne sandarsa. In yana da takardar koyon sana'a, a fassara ta a buga mata hatimin ma'aikatar harkokin waje a Yamai, don Saudiyya na yi wa masu sana'o'i irin walda da lantarki da famfo jarrabawar tabbatar da ƙwarewa. Kuma ya sani ayyuka da yawa na shago da ofis an keɓe wa ƴan ƙasa, kada ya tafi da tunanin zai yi wata uku a gini ya koma kanti.

Jaka: kada ya karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko na wa ne. Tiramol da danginsa kurkuku ne a can, fataucin ƙwaya kuma hukuncinsa na kaiwa ga kisa. Goro ma an sha gargaɗin alhazai a kansa, ya bar shi. Garin magani na gargajiya da ba shi da suna a jiki, ya bar shi, ba zai iya yi wa jami'in kwastan bayaninsa ba. Kuka, kuɓewa busasshiya da yaji a leda mai kyau ba laifi, kuma zai gode musu, shinkafa da gurasa safe da dare na gundurar wanda ya tashi da tuwo da fura.

Ya ɗauki hoton fasfo, biza da kwantiragi a waya, ya tura maka, ka buga ka ajiye. Ya riƙe lambar ofishin jakadancinmu na Riyad da ƙaramin ofishin Jidda a takarda, ba a waya kaɗai ba. Layin waya da sunansa ake yanka shi, kada ya yankar wa wani da ikamarsa, duk abin da aka yi da layin shi za a nema. Kada ya sa hannu a farar takarda, ko takardar da ta ce ya karɓi haƙƙinsa duka alhali bai karɓa ba. Kiran WhatsApp ba ko'ina yake tafiya ba a ƙasashen Larabawan nan, ku saba da saƙon murya, Inna ta san da haka kada ta ɗauka wani abu ne ya same shi. Ku kuma na gida ku rage masa kiran biki da suna a shekarar farko.

Abdu_Birni

Allah ya saka da alheri, iyayena. Na tambayi dillalin sunan kamfani da kwantiragi, ya ce sai an ba da rabin kuɗi. Mun tsayar da maganar fili. Hajiya, Inna ta ce in tambaye ki, man kaɗanya zai yi masa maganin rana, ko sai na farmasi? Nan ma zai amfane shi, tunda aikin rana yake.

Hajiya Rabi, ma'aikaciyar jinya

Ka gaishe min da Inna. Man kaɗanya na dare ne, bayan wanka, yana gyara kaushi da tsagewar leɓe da ta dunduniya, amma ba ya tare rana yadda za a dogara da shi. Na rana sai wanda aka rubuta SPF 30 ko 50 a jikinsa, kuma ya duba akwai UVA, wato yana tare har hasken da ke ratsa fata ciki, da alamar cewa yana jure ruwa. Na 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, na 50 kusan 98, to kada tsada ta sa ya ce sai na 50. Inda ake kuskure wurin yawa ne. Fuska da wuya da kunnuwa suna cin kusan ƙaramin cokali guda, mutane kuwa ɗan ɗigo suke shafawa. Ya shafa minti 15 zuwa 20 kafin ya fita, a busasshiyar fata, ya sake duk awa 2, ko da zarar gumi ya wanke shi. Kada ya manta ƙeya, saman kunne da bayan hannu. Goshi kuwa ya bar wa hula, don in gumi ya gangaro da man cikin ido yana yaji, mutum na saman gini.

Mai sinadarin zinc yana barin toka-toka a baƙar fata, amma ya fi sauƙi ga mai ƙaiƙayi. Ya duba ranar lalacewa, kuma kada ya saya a teburin da ya yini a rana cikin Kasuwar Dole, ko ya bar shi a akwatin babur, zafi na kashe shi. Ya karanta kwalin da kyau, akwai mayukan bilicin da ake sayarwa da hoton rana a jiki, waɗannan fatar suke sirantawa rana ta ƙara cin ta. In likita ya ɗora shi kan doksisiklin, ya gaya masa aikin rana yake, don maganin na sa fata saurin ƙuna. Walda kuma nata hasken daban ne, ya fi na rana ƙarfi a kusa, tabarau ba ya isa, sai garkuwar fuska mai baƙin gilashin walda da riga a rufe har wuya.